Fosum Na Cinye Min Furanni Da 'Ya'yan Itace A Melbon, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da muka tare a gidanmu a arewacin Melbon, a Ostireliya. Na dasa furen wardi a jikin katanga, mun tarar da bishiyar lemun tsami da ta ɓaure a bayan gida, na kuma shuka tumatir da alayyahu. Wata dabba da ake kira fosum tana cinye min su da dare. Na fesa ruwan barkono da tafarnuwa, bai hana ba. Maigidana ya ce mu ɗana tarko mu kai ta daji, wata ƙawata kuma ta ce in watsa kafur a gindin itatuwan. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sannu da ƙoƙari, sannu kuma da haƙuri. Na san zafin abin. Mutum ya yi wata da watanni yana ban ruwa, yana ƙirga toho yana jiran ranar da zai buɗe, ya wayi gari ya tarar da sanda tsirara. Na daɗe ina aikin lambu a gidajen mutane a garin nan, kuma babu kukan da na fi ji kamar wannan. Amma ina roƙonki, da tarkon da kafur ɗin, ki ajiye su duka. Tarkon zai iya jawo muku tara kuma ɓarnar ba za ta tsaya ba. Kafur ɗin kuwa haɗarinsa a kan yaranki ya fi haɗarinsa a kan dabbar. Fosum ba ya koruwa daga unguwa, domin kafin a gina unguwar kakanninsa suna nan. Abin da ke aiki shi ne a yanke masa hanyar da yake bi ya kai ga bishiyar, a kuma rufe abin da ake so a ci.

Saboda 'yan'uwa da ke karanta wannan daga gida, fosum dangin kangaru ne. Macen tana renon ɗanta cikin wata jaka da ke jikin cikinta har wata 4 zuwa 5, daga nan ya koma gadon bayanta ta riƙa yawo da shi a goye. Da rana barci, da dare kiwo. Iri biyu ne ke yawo a gidajen Melbon. Babban, wanda za ki ji maƙwabta suna ce wa brushtail, girman kyanwa ne, kunnuwa a tsaye, baƙar jela buzu-buzu. Shi ne mai gurnani da tari cikin dare, shi ne kuma mai sukuwa a kan rufi har ki ɗauka mutum ne ya hau. Ƙaramin, ringtail, da ƙyar yake wuce kilo 1. Jelarsa siririya ce, ƙarshenta fari, yana naɗe ta a reshe kamar ƙarin hannu, kuma yana gina sheƙa da ƙirare, dunƙulalliya kamar ƙwallo, cikin duhuwar ganye. Tohon wardi da ɗanyen ganye sun fi zama aikin ƙaramin. Babban ba ya zaɓe, ganye da fure da 'ya'yan itace da abin da ya samu a kwandon shara duk nasa ne.

Kafin ki kashe ko dala ɗaya, ki tabbatar da mai laifin. Sau da yawa an kira ni a kan fosum na tarar ɓera ne, domin baƙin ɓeran nan na rufi gwanin hawa ne, kuma maganinsa daban. Lemon da aka fere wa ɓawo tas aka bar tsokar tana lilo a reshe, su biyun duk suna yin haka, don haka ba shaida ba ce. Ki duba ƙasa. Kashin babban fosum kamar ƙwayar gyaɗa ne mai ɗan tsawo, na ɓera kuwa kamar baƙar ƙwayar shinkafa mai tsini. Idan da rana ake ɓarnar, kuma kina tarar da rassa a kakkarye da 'ya'yan itace a yashe an ɗan gatsa an yar, fararen akun nan ne masu tukku rawaya. Idan kina ganin abin da aka tauna aka tofar a ƙasa, kamar yadda mai shan rake ke tofarwa, manyan jemagu ne. Kina iya barbaɗa garin fulawa a gindin bishiyar da yamma. Sawun ƙafar baya ta fosum ba ya ɓuya, akwai babban yatsa da ya ware gefe kamar na hannun mutum.

Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne ki fita da kanki. Kamar awa ɗaya bayan magariba, ki ɗauki tocila da kujera ki zauna shiru a bakin ƙofar baya. Na yi wannan zaman a wani gida da matar gidan ta gaji da sayen magungunan feshi. Ba mu yi minti ashirin ba sai ga idanu biyu jajaye suna ƙyalli a kan katangar katako. Mace ce, da ɗa a bayanta ya rungume ta. Ta taho a kan katakon a natse, kamar mai bin hanyar da ta saba zuwa rijiya, ta kai inda wani reshen lemo ya jingina da katangar, ta miƙa hannu ta kama, ta shige cikin ganyen. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Duk maganin da matar nan ta yi wata uku tana zubawa, a gindin bishiyar take zubawa, inda dabbar ba ta taɓa takawa ba. Washegari na datse reshen nan da wasu biyu. Ki yi wannan zaman dare biyu ko uku, domin fosum mai bin hanya ɗaya ne, kuma hanyar da kika gani da idonki ita ce za ki yanke.

Maganar tarko, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa doka ta hana. Dokar namun daji ta 1975 ta jihar Biktoriya, inda Melbon take, ta kare iri biyun. Babban kaɗai aka yarda mai gida ya kama, kuma sai idan a cikin gini yake zaune, kamar cikin rufi. Ɓarnar lambu ba ta cikin dalilan da aka yarda da su. Ko an kama shi ta halal, dole a sake shi a ranar, bayan faɗuwar rana, a cikin gidan, kuma kada ya wuce mita 50 daga inda aka kama shi. Ƙaramin kuwa ba a kama shi sai da izinin hukuma. A ɗauke shi a mota a kai daji laifi ne da ake cin tara a kansa. Na san maigida tausayi ne ya sa ya ce a kai shi daji maimakon a kashe, amma kai shi dajin kisa ne a fakaice. An taɓa gwada haka a nan jihar, aka ɗebi fosum na cikin gari aka sake su a daji ana bin sawunsu, mafi yawansu suka mutu cikin makon farko. Bai san inda zai ɓuya ba, masu wurin ba za su bar shi ya zauna ba, ga yanyawa da karnuka suna jira a ƙasa. Idan mace ce, wataƙila da jariri a jakarta. Dabbar da aka tsare aka bar ta ta wahala, mun san abin da addininmu ya ce a kanta.

Ko da doka ba ta hana ba, ba zan ba ki shawarar ba. Fosum yana da yanki, yana kuma tsaron yankinsa. Babban yana da wani maiƙo a ƙirji da yake goga wa rassa da katanga, har za ki ga gashin ƙirjin ya rine ja-ja, alama ce ga sauran cewa wurin nan da mai shi. Ranar da kika ɗauke shi, gidan ya zama babu mai shi, kuma matasan da ke yawo suna neman wurin zama ba za su daɗe ba su gane. Kin raba kanki da ɗaya da kika san hanyarsa, kin gayyato baƙi.

Kafur kuwa, don Allah kada ki watsa. Fararen ƙwallayen nan da muke sa wa cikin akwatin tufafi, da yawansu sinadarin naftalin ne. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado, likitoci suna kiransa G6PD, ya yawaita a tsakaninmu mutanen Afirka ta Yamma, musamman 'ya'ya maza, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Yaron da ke da shi, naftalin yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, jariri kuma ya kamu da shawara mai tsanani. Ƙwallayen sun yi kama da alawa, kuma a tsakar gida za a watsa su, inda yara ke rarrafe. Haka ma maganin ɓera, kada a zuba shi a fili da sunan ɓera ake nufi. Fosum yana ci, ya yi kwanaki yana zubar da jini ta ciki kafin ya mutu, sannan babbar mujiyar nan ta Ostireliya, wadda ƙaramin fosum ne babban abincinta, ta ci gawar ko mai jinyar ita ma gubar ta kama ta.

Ruwan barkono da tafarnuwar da kika fesa, ba laifin haɗinki ba ne. An taɓa gwada ire-iren waɗannan magungunan kora fiye da goma a Jami'ar Deakin, na kanti da na gida, aka ga cewa idan fosum yana jin yunwa babu wanda ke hana shi ci. Abin da na gani a aiki ke nan. Feshi yakan yi tasiri kwana kaɗan saboda baƙon wari ne, sai ruwan sama ya wanke, ko sabon toho ya fito wanda feshin bai taɓa ba, ko dabbar ta saba. Mujiyar roba da fitila mai walƙiya da na'urar da aka ce tana fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, duk labarinsu ɗaya da mutum-mutumin gona, tsuntsu yana tsoronsa ranar farko, ranar bakwai a kansa yake sauka. Wanda na ga ya ɗan fi daɗewa shi ne famfon da ke feso ruwa idan ya ji motsi, shi ma sai ana sauya masa wuri. Idan kina son ci gaba da feshin, ki ɗauke shi a matsayin ƙari na 'yan makonnin da toho ke fitowa.

To, yanke hanya. Ki tsaya a gindin kowace bishiya ki ɗaga kai, ki duba duk inda ganyenta ya taɓa wani abu ko ya kusa taɓawa: katanga, rufin gida, rumfar mota, igiyar shanya, bishiyar maƙwabci. Ana so a sami tazarar mita 1.5 aƙalla ta kowane gefe, ni ina barin mita 2 idan wurin ya ba da hali, domin babban yana da tsalle. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kada kowa a gidan ya taɓa shi, a kira kamfanin wuta. Idan bishiyar maƙwabci ce ta leƙo, ki yi masa magana tukuna, sau da yawa za ki tarar shi ma kukan da yake yi ke nan. Idan babbar bishiya ce, ki tambayi ƙaramar hukumarku, wasu suna buƙatar izini kafin a yi wa manyan itatuwa babbar sara.

Bayan an raba bishiyar da komai ta sama, saura ta ƙasa. A nan ake naɗa wa gangar jikinta ɗamara mai santsi, langa-langa ko roba mai kauri, faɗinta santimita 60, a fara ta daga kamar santimita 60 sama da ƙasa, yadda ba zai iya tsallake ta ba kuma farcensa ba zai sami abin kamawa ba. Idan kin taɓa shiga manyan lambunan tsakiyar gari kin ga itatuwa sanye da irin wannan ɗamara, to dalilin ke nan. Kada a buga ƙusa a jikin bishiyar. A haɗa bakin langa-langar da kanta, a bar ɗan sarari, a riƙa sassautawa duk shekara saboda bishiya tana ƙiba. A ɗaura ta bayan an tabbatar babu dabba a sama, kada a tsare ta a can. Idan kuma akwai sheƙar ƙaramin a cikin bishiyar, wannan gidansa ne, a bar masa ita a kare sauran.

Sai dai ina zargin ɗamarar ba za ta yi wa naki itatuwan ba. Lemun tsami da ɓaure na bayan gida yawanci tun daga ƙasa suke rarraba rassa, ganyensu yana sharar ƙasa, kuma masu gidan na da sun fi dasa su dab da katanga. Irin waɗannan sai raga. A nan ina so ki saurare ni da kyau, domin na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Shekarun baya na lulluɓe wata bishiya da baƙar ragar nan mai manyan idanu, mai arha, na bar ta sako-sako. Da safe na tarar da babban jemage a ciki. Ya yi ta juyi cikin dare yana neman fita, zaren ya nannaɗe masa fiffike ya yanke fatar, yana haki, idanunsa a kaina. Ban taɓa shi ba, domin jemagun ƙasar nan suna iya ɗaukar wata cuta 'yar'uwar ciwon haukan kare, sai wanda aka yi wa rigakafi ke kama su. Na kira masu ceton namun daji, wata mata ta zo ta yi kusan awa tana yanke zaren ɗaya bayan ɗaya da ɗan almakashi. Tun ranar ban ƙara taɓa irin ragar nan ba.

Yanzu ma doka ta shigo cikin maganar. Daga 1 ga Satumba 2021, a Biktoriya, ragar da za a rufe itatuwan gida da ita dole idonta kada ya wuce milimita 5 a tsaye da milimita 5 a kwance idan an ja ta ta miƙe, kuma sayar da mai manyan idanu don wannan aiki ma laifi ne. Gwajin mai sauƙi ne, idan yatsanki ya shige cikin idon ragar, ba ta yi ba. Ki sayi fara, dabbobi sun fi ganinta da dare. Idan kin sami mai idanu ƙanana sosai, milimita 2 ko ƙasa da haka, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin za ta tare ƙudan 'ya'yan itace na Kwinslan, wanda ya riga ya shigo unguwannin Melbon yana sa wa tumatir da ɓaure tsutsa.

Yadda ake sa ragar ya fi ragar kanta muhimmanci. Kada a yafa ta a kan ganye kamar mayafi. Duk ɗan itacen da ya jingina da raga, fosum zai zauna a waje ya ci shi ta cikinta, ya kuma huda ta. Ki kafa turaku huɗu na ƙarfe kewaye da bishiyar, ki zura bututun roba na ban ruwa a kansu, biyu su gitta juna ta sama kamar baka, sai a ja ragar a kai ta miƙe kamar gidan sauro, da tazarar taƙi guda tsakaninta da ganye. Ƙasan a danne shi da bulo ko katako, ko a tattara a ɗaure a jikin bishiyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kafar da hannunki zai shiga ta ishe shi. Ki riƙa zagayawa kowace safiya ki duba. Lemun tsami da ɓauren gida suna yin 'ya'ya ba tare da ƙudan zuma ba, don haka rufe su da wuri ba ya rage komai. Tuffa da danginta ne ake jira sai furen ya zube. Ɓaure a nan ya fi nuna daga Fabrairu zuwa Afrilu, ki rufe shi tun yana kore, ki cire ragar idan an gama ci. Idan bishiyar ta fi ƙarfin raga, ki rage mata tsawo lokacin sanyi, ko ki zaɓi rassan da hannunki ke kaiwa ki sa musu jakunkunan raga, na saman ki bar su sadaka. Jakar yadi fosum yana iya yaga ta, wadda aka ɗinka da wayar tagar sauro ta ƙarfe ta fi jurewa.

Tumatir da alayyahu sun fi sauƙi. Keji za ki yi musu, mai gefe huɗu da rufi, da ƙofar da ke rufuwa da sakata. Mu da muka tashi muna kewaye dashe da ƙaya saboda awaki mun saba da shinge marar rufi, to wannan dabbar ta sama take zuwa. Wayar kaji tana tare fosum, amma ɓera yana wucewa, don haka idan da hali ki sayi waya mai idon milimita 12 ko ƙasa. Idan filin ya yi faɗin da ba za a iya rufe shi ba, akwai dabarar da masu lambu a tsibirin Tasmaniya da ke kudancin Ostireliya suka daɗe suna yi. Ana barin saman shingen, kamar santimita 60, ya zama waya mai laushi da ta lanƙwaso waje ba tare da turke ya riƙe ta ba. Idan ya hau, sai ta lotsa da shi ta mayar da shi ƙasa. Ba ya son abin da ke rawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Wardin ne mai wuya, kuma a nan ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba. Fure don a gan shi ake dasa shi, babu mai son ya kalle shi ta cikin keji. Matsalar naki ita ce wurin da yake. Katanga ita ce babbar hanyar fosum, kin dasa masa abincin da ya fi so a bakin titi, yana tafe yana tsinka ba tare da ya sauka ba. Wardin da ke tsakiyar fili, nesa da katanga da mita 2, wanda sai an sauko ƙasa an ratsa sarari kafin a kai gare shi, ɓarnarsa tana raguwa sosai, musamman daga ƙaramin, wanda ba ya son taka ƙasa. Mafita ita ce ki tayar da naki ki mayar da shi tsakiyar fili idan sanyi ya zo. Kafin lokacin ya yi, ki yi masa hular wayar kaji mai sauƙin ɗagawa, ki kifa da magariba ki cire da safe, daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin da toho ya fi yawa. Jikin katangar kuma ki mayar da shi wurin tsirrai masu ƙarfin ƙamshi irin su labanda da rosmari, waɗanda bai cika damuwa da su ba, ko da yake mai yunwa babu abin da ba ya ɗanɗanawa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki tsince 'ya'yan itacen da suka faɗi kafin dare, ki rufe kwandon shara da na takin gida da murfi mai nauyi, kada a bar abincin kyanwa a waje. Wasu za su ce ki riƙa ajiye masa tuffa ko burodi a gefe don ya ƙyale lambun. Ban yarda da wannan ba. Burodi yana cutar da shi, kuma abinci na kullum yana tara wasu su zo. Ruwa ne kaɗai nake cewa a ajiye, a faffaɗan kwano marar zurfi can nesa da lambun, a ranakun da zafi ya haura digiri 40, domin ƙananan suna faɗowa daga bishiya saboda zafi. A riƙa sauya ruwan kullum.

Abin da zan faɗa yanzu yakan ba mutane mamaki: ki yi masa gida. Babban a kogon bishiya yake kwana, kuma bishiyar turare, wadda wasu ke ce wa zaiti, irin wadda aka kai ƙasarmu daga nan aka dasa a bakin hanyoyi, tana shekara 100 ko fiye kafin ta yi kogon da zai ɗauke shi. An sare tsofaffin an yi gidaje, shi ya sa yake shiga rufi. Akwatin katako mai ƙofa zagayayya, a ɗaure shi kamar mita 4 daga ƙasa a bishiyar da ba ta yin 'ya'ya, can ƙarshen gida. Fuskarsa kada ta kalli arewa ko yamma, domin a wannan ɓangare na duniya ta arewa rana ke bi, kuma zafin la'asar daga yamma yake dukan abu. Wanda ya zauna a ciki shi zai riƙa korar baƙi. Idan kuma yana kwana a rufinku, a fara kafa akwatin, sannan a jira ya fita kiwo da dare a toshe kafar, bayan an tabbatar ba a bar ɗa a ciki ba.

Akwai maganar lafiya da ta shafe ki tunda a arewacin gari kike. Gyambon Buruli, wanda aka sani a Gana da Benin da Kwaddibuwa da Kamaru da kudancin Nijeriya, yana nan a Biktoriya. An fi samunsa a yankunan Mornington da Bellarine, ya kuma bayyana a unguwanni irin su Essendon da Moonee Ponds da Brunswick West. Fosum yana ɗauke da ƙwayar cutar, ana samunta a kashinsa, kuma binciken da masana na Cibiyar Doherty suka fitar a 2024 ya nuna sauro ne ke kai ta ga mutane. Ki sa safar hannu idan za ki share kashin ko ki yi aikin ƙasa, ki wanke duk ƙujewa da sabulu ki rufe ta, ki zubar da ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin tukwanen fure. Ƙurjin da ba ya zafi amma ya ƙi warkewa yana ƙara faɗi, a kai wa likita a ambata masa sunan cutar, tana warkewa da magani idan an gano ta da wuri.

Idan kina neman dabaru a intanet, ki lura da ƙasar da mai maganar yake. Wanda ke koya yadda ake kashe fosum da tarko ko guba, galibi daga Niyu Zilan yake. Can Turawa ne suka kai shi daga Ostireliya, tun daga 1837, don sana'ar fata. Bai tarar da mai cinsa ba, ya yaɗu ya zama annoba, yana cinye dazuzzuka da ƙwan tsuntsaye, yana kuma yaɗa tarin fuka ga shanu, har gwamnatinsu ta sanar a 2016 cewa tana son kawar da shi gaba ɗaya kafin 2050. Abin da ake yaba wa mutum a kansa a can, a nan kotu zai kai shi. Na Amurka kuma, mai farar fuska da jela tsirara kamar ta gafiya, wata dabba ce daban, suna ne kawai ya yi kama.

Wardin ki bari sai Yuni ko Yuli, lokacin da sanyi ya sa ya zubar da ganye ya yi barci. Ki rage masa rassa, ki haƙa kewaye da shi da faɗi ki ɗago shi da ƙasar saiwarsa, ki mayar da shi tsakiyar fili inda yake samun rana awa shida, ki ba shi ruwa sosai a ranar. Zuwa Nuwamba, in Allah ya yarda, za ki ga furensa ya buɗe.